Wasan Ƙanin Miji

A ƙasar Adar, in namiji ya tafi bida, wato neman kuɗi a wata ƙasa, matarsa ba ta binsa. Tana zama gidan iyayensa, ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta jira. Haka Nasiratu ta zauna a wani ƙauye na ƙasar Kalfu tun da mijinta Alƙasum ya haye Libiya. Gidan ba shi da jama'a: ita ce, da 'yarta Zahara da ba a daɗe da yayewa ba, da surukarta Inna Azumi, ungozomar ƙauyen, sai Hamid ƙanin mijinta, wanda aka bar wa gonar gidan tun rasuwar mahaifinsu.

Kun san wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta. Ba baƙon abu ba ne, da shi aka tashi. Hamid yakan shigo daga gona ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya.

"Matata, ina hurata? Ko sai na sake ki za ki san da miji a gidanga?"

"Sake ni mana," Nasiratu kan ce. "Miji ko kallabi bai taɓa saye ba."

Sai a yi dariya. Matan maƙwabta su leƙo ta katanga su ƙara nasu, Inna Azumi ta fi kowa ƙyaƙyatawa, har ta share hawaye da bakin zane. Nasiratu ma tana jin daɗin abin a lokacin, don gidan da babu maigida shiru yake yi wa mutum yawa.

A wata damina ne wasan ya canza. Bakin Hamid bai canza ba, kalmomin su ne na kullum, hannunsa ne ya canza. In ta miƙa masa ƙwaryar hura sai ya haɗa da wuyan hannunta ya riƙe. In tana daka sai ta ji numfashinsa a bayan wuyanta. Wata rana ya tare mata ƙofar zaure da tulu a kanta, ya ƙi matsawa har ruwa ya jiƙa mata riga.

Ta kai maganar wurin Inna Azumi suna zaune suna tsinkar zogale. Ba ta ji nauyin faɗa mata ba, domin tsohuwar nan ita ta karɓi haihuwar Zahara, ita ta yi mata wankan jego, kuma tun da mahaifiyar Nasiratu ta rasu ba ta da wadda take kira Inna da zuciya ɗaya sai ita. Inna Azumi ta saurara, ta yi murmushi, ta ce ai mijinta ne na wasa, in bai taɓa ta ba wa zai taɓa. Ta ce ita ma a zamaninta ƙannen mijinta har ɗaukarta suke yi su jefa a rami. Kada ta zama mai baƙin rai.

Ranar da abin ya faru kaka ta yi, ana yankan hatsi, ƙauyen duk ya watse gona. Masassara ta kwantar da Nasiratu. Inna Azumi ta goya Zahara ta tafi bikin suna a ƙauyen gaba. Rana tsaka Hamid ya dawo, wai ruwa ya zo sha. Ya leƙa ɗakinta, ya shiga, ya ja ƙofa. Abin da ya yi mata ba sai an zayyana ba. Ta yi ihu, ta kira Inna, ta kira maƙwabta, babu kowa a unguwar sai awaki. Da ya fito ya sha ruwansa a randa ya koma gona.

Bayan la'asar Inna Azumi ta dawo. Ta tsaya bakin ƙofa, ta dubi shimfiɗar, ta dubi rigar da aka yaga, ta dubi wuyan Nasiratu. Ba ta tambayi wane ne ba. Ta sauke Zahara, ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunya. Da hannunta ta kama Nasiratu zuwa makewayi ta wanke ta da ruwan zafi, a hankali, kamar yadda ta yi mata lokacin jego. Ta wanke zanen ta shanya. Rigar kuwa ta cusa ta murhu. Nasiratu ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka har muryarta ta dishe, tsohuwar na shafa bayanta.

"Yi shiru, ɗiyata. Bar mini wanga abu, ni zan yi maganinshi."

Nasiratu ta yarda. A cikin duk abin da ya same ta ran nan, ta ce a ranta ko ba komai tana da uwa.

Maganin da Inna Azumi ta yi shi ne ta ja Hamid bayan rumbu ta yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, yadda ko kaji ba su ji ba. Bai ci tuwo ba ran nan. Da safe ya ɗauki hurarsa ya tafi gona. Shi ke nan.

Kwanaki suka wuce gidan ya yi tsit. In Hamid ya shigo, Nasiratu ta shige ɗaki. Sai wata safiya Mariama maƙwabciyarsu ta leƙo aron rariya, ta ce cikin raha mi ya faru ne, kwana biyu ba a jin amarya da angonta, ko an yi saki ba a gayyace su ba. Ta yi dariyarta ta tafi. Inna Azumi ba ta yi dariya ba. Ta bi Nasiratu ɗaki ta zauna bakin gado.

Ta ce mutane sun fara lura. Yau Mariama ce, gobe bakin rijiya ne, jibi masallaci. In aka ga wasa ya mutu tsakanin mace da ƙanin mijinta, kowa ya san akwai dalili, kuma ba za a huta ba sai an tono shi. Don haka daga yau in ya kira ta, ta amsa kamar da. Ta miƙa masa hura kamar da. Ta yi dariya.

"Inna, ki ce in yi mishi dariya?"

"Na ce ki ruhe ma gidanga asiri. Hatsi na gona, wa za ya kawo shi gida in an kama shi? Ni ko ke? Kuma ki tuna, ɗiyata, duk garinga sun sha jin ki kina ce mishi mijina da bakinki. In magana ta hita, ba shi kaɗai za a zarga ba."

Haka aka yi. Da yamma Hamid ya shigo, matan maƙwabta na tsakar gida suna sussuka, uwarsa ta yi masa ido. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Matata, ina hurata?" Nasiratu ta tashi. Ta ɗauko ƙwaryar, ta miƙa, ta ce masa miji ko kallabi bai taɓa saye ba. Matan suka yi dariya. Ta zaga bayan ɗaki ta yi amai.

Daga ran nan Hamid ya gane babu abin da zai same shi. Kunyar da ya ɗan nuna ta tafi. Ya koma riƙe mata hannu a gaban mutane, yana dubanta cikin ido, ita kuma dole ta fizge tana murmushi. In tsohuwar ta fita karɓar haihuwa, sai ta ji takunsa ya tsaya bakin ɗakinta. Ta koma jingina turmi a bayan ƙofa ko da rana tsaka. Zahara da ta saba yawo da ƙafarta ta koma goyo, don Nasiratu ta lura ba ya matsowa sosai in yarinyar na bayanta. Ta rame. Ga wani ciwon mara da ya kama ta tun ranar, yana ƙaruwa.

Mijinta fa? Yana kira duk Juma'a. Amma talho, wato wayar hannu, ɗaya ne a gidan, na Hamid. Shi ke amsawa, shi ke buɗe muryar don Inna ta ji, shi ke riƙe da shi a saitin bakin Nasiratu. Alƙasum ya tambayi Zahara, ya tambayi hatsi, ya tambaya ko Hamid na kula da su yadda ya kamata. Ta ce lahiya lau. Mi za ta ce, hannun mutumin na gaban fuskarta?

Ta gudu gidan mahaifinta sau ɗaya. Tsohon ya saurare ta kansa a sunkuye, yana tona ƙasa da tsinke. Da ta gama ya ce irin wannan magana in ta fita ba ta komawa, ga ƙannenta mata ba su yi aure ba, ga Azumi 'yar uwa ce ta wajen kakarsu. Ya ce ta yi hankuri, Allah na gani. Kafin rana ta faɗi ya ɗaura jaki a amalanke ya mayar da ita da kansa, har ya tsaya ya gaisa da Hamid a zaure.

Ciwon ne ya fitar da ita. Da ta kai ba ta iya ɗaga taɓarya, saiwoyin Inna Azumi duk sun kasa, tsohuwar ta ga ba makawa sai likita a Tawa. Ta ce ita za ta raka ta, suka tafi da Zahara a goye. A mota ta yi ta jaddada mata cewa ciwon sanyi ne, in an tambaya ciwon sanyi ne.

Wadda ta duba su wata ungozomar likita ce, Madam Alheri, Kirista daga wajen Maraɗi, mace mai jiki da sanyin murya. Ta gaishe da Inna Azumi da suna, alamar sun san juna. Duk tambayar da ta yi wa Nasiratu, tsohuwar ke amsawa. Madam Alheri ta jawo takarda. Ta rubuta magani ta ba Inna Azumi, ta ce wannan babu shi a nan, sai farmasin bakin kasuwa, ta taimaka ta sayo kafin a gama gwaji. Da tsohuwar ta fita ta rufe ƙofa, ta duba Nasiratu a natse, sannan ta jawo kujera kusa da ita ta tambaye ta wa ya yi mata haka.

"Wasa ne," in ji Nasiratu. Maganar ta fito da kanta, don bakin ya saba.

"Wasa ba ya barin abin da na gani, ƙanwata. Ba mai jin mu. Gaya mini."

Ta gaya mata. Tun daga riƙon hannu har turmin bayan ƙofa. Da ta zo kan wankan ruwan zafi ta ce ita dai Inna ta yi mata ƙoƙari ran nan, ta wanke ta, ta wanke zanen, ta ƙona rigar don kada ta riƙa ganinta tana tunawa. Sai ta ga fuskar Madam Alheri ta canza. Matar ta auna ko ta faɗa, sannan ta faɗa. Ta ce bara waccan an tara ungozomomin ƙauyuka a nan Tawa an yi musu horo, ita da bakinta ta koya musu: macen da aka yi wa fyaɗe kada a wanke ta, kada a wanke tufafinta, a kawo ta likita cikin gaggawa, domin akwai maganin kariya da ba ya aiki in an makara, kuma abin da ke jikin tufafin shi ne shaida gaban shari'a. Inna Azumi tana layin gaba ran nan. Har tambaya ta yi.

Nasiratu ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana duban bango, tana jin ɗumin ruwan nan a bayanta, da hannun da ke shafa ta.

Can ta roƙi aron talho. Lambar mijinta tana kanta. Ya ɗauka, ana jin ƙarar injin gini a bayansa. Ta ce ita ce, ita kaɗai, babu kowa kusa, akwai abin da ta daɗe tana son gaya masa. Ta fara. Bai bari ta kai ƙarshe ba.

"Na sani. Inna ta gaya mini tun lokacin."

Ya ce ya yi wa Hamid faɗa sosai. Ya ce ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, ba zai kai shi gidan kaso ba, kuma wa zai riƙe gona. Ya ce ita ma ta cika sakar masa fuska, wasa yana da iyaka, mace ce ke sa iyakar. In ya dawo za a zauna. Ya tambaya talhon wa ta ara.

Ta miƙa wa Madam Alheri abinta. Duk Juma'ar nan da yake tambayarta ko Hamid na kula da su, ashe ya sani.

Madam Alheri ta ce mata akwai wani biro, wato ofis, a cikin gari, na wata ƙungiyar mata masana shari'a, aikinsu ke nan: macen da aka daka, ko aka yi wa fyaɗe, ko aka kora, su saurare ta, su raka ta wurin jami'an tsaro na jandarma, su tsaya mata gaban alƙali. Nasiratu ta ce ita ba ta da abin biyan lauya, akuya ɗaya gare ta, ita ma tana gidan. Matar ta ce ba a biyan komai. Ta ce ba za ta tilasta mata ba, in ta fi son ta jira surukarta ga benci nan. Nasiratu ta dubi bencin. Ta gyara goyon Zahara, ta tambaya ko gidan likitar yana da wata ƙofa ban da wadda suka shigo.

Lauyar sunanta Madam Aminata, 'yar Tawa ce, ba ta girmi Nasiratu da yawa ba. Ta sa aka kawo wa Zahara biskit, ta saurari labarin duka ba ta katse ba, ba ta kuma tambayi mi ya sa take wasa da shi ba. Ba ta ɓoye mata komai ba: wankan da ƙona rigar sun rage ƙarfin shaida, shari'ar za ta ja lokaci, za a yi ta maganganu a ƙauye. Amma takardar likita na nan, maganarta ma shaida ce, kuma babu al'adar da ta halatta wa ƙanin miji abin da ya yi. Sannan ta tambaye ta ita mi take so a yi. Tun da abin ya faru ba wanda ya yi mata wannan tambaya. Ta ce tana so kada ta koma gidan, kada a raba ta da 'yarta, kuma a kira abin da sunansa.

Ran nan Madam Aminata ta raka ta jandarma, ta zauna gefenta har ta gama bayani. Ƙungiyar ta sama mata masauki wurin wata dattijuwa da ke aiki da su.

Inna Azumi kuwa, da ta dawo daga farmasi ta tarar ba kowa, ba ta tsaya neman surukarta ba, tasha ta nufa. Kafin jandarmomi su isa ƙauyen, Hamid ya kama hanyar Agadas. Alƙasum ne ya aiko da abin mota, kuma wurinsa ya sauka, ɗaki ɗaya suke kwana. Hatsin da aka ce saboda shi ba za a taɓa Hamid ba, dammunansa suka kwana a gona har maƙwabta suka ji tausayin tsohuwa suka kwaso mata.

Ƙarar ba ta mutu ba. Madam Aminata ta bi ta ofis-ofis har aka ba da umarnin kama shi duk ranar da ya taka ƙasar. Ta kuma tsaya wa Nasiratu aka raba auren, aka bar mata Zahara. Da bazara ta zo Nasiratu ta warke, tana tuyar ƙosai bakin wata lakwal, makarantar boko, da safe.

A nan Inna Azumi ta same ta. Ta tsufa ƙwarai a 'yan watannin, ta zo da ƙullin magarya don Zahara. Nasiratu ta shimfiɗa mata buhu a inuwa, ta ba ta ruwa, ta zuba mata ƙosai. Tsohuwar ta ɗora jikarta a cinya, ta yi ta zagaye-zagaye, ciwon gwiwa, tsadar hatsi, damina ta ƙarato ba mai shuka. Daga baya ta zo kan abin da ya kawo ta. 'Ya'yanta biyu duk suna waje, ƙaramin ba ya iya dawowa, babban ya ce ba zai baro shi ba. Ita kaɗai ce a gidan, ko tulu ba mai ɗora mata.

"Ɗiyata, kalma guda nike roƙo. Ki tahi ki ce musu wasa ne ya wuce wuri. Ba don shi ba, don ni. Kada in mutu ba ɗa ko guda kusa da ni."

Nasiratu ta juya ƙosan da ke cikin mai, ta tsame su ɗaya bayan ɗaya. Tausayin tsohuwar na nan a ranta, bai tafi ba, abin da ya fi mata ciwo ke nan.

"Inna, ba ni na hana shi dawowa ba. Hanya na nan. Ya zo ya tsaya gaban alƙali ya faɗi irin wasan da ya yi, in wasa ne ai za a sallame shi."

Tsohuwar ta ce ashe haka zuciyarta take. 

Irin su Nasiratu suna da yawa daga Kalfu har Affala, suna bayan ƙofa da turmi, ana ce musu su yi dariya kada maƙwabta su gane. Mafi yawansu ba su san akwai wurin da za a saurare su ba a karɓi ko dala ba, masu hana su sani kuwa ba baƙi ba ne, su ne masu kiran su ɗiyata. Wadda ta sani ta gaya wa wadda ba ta sani ba, ko a bakin rijiya ne.

Da rana ta ɗaga Nasiratu ta kashe wuta, ta ƙulle sauran ƙosan a leda ta sa wa tsohuwar a kwando. Ta raka ta tasha, ta taimaka mata ta hau mota, ta ce wa direba ya sauke ta kusa da gida saboda gwiwarta. Inna Azumi ta leƙo ta taga ta sake cewa kalma guda ce fa.

"Na faɗe ta sau da yawa a gidanki, Inna," in ji Nasiratu. "Ta ƙare."

Ta kama hannun Zahara suka juya.